Tarkacen Injiniya

Da safiyar ranar farko ta sabuwar shekara, Malama ta taka tsohuwar filogi a tsakiyar falo, ƙafa ba takalmi. Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan buhun wayoyin lantarki, don babu kujerar da ba kaya a kanta, ta faɗa wa mijinta magana ɗaya: ko tarkacen nan ya bar gidan kafin wata ya ƙare, ko ita ta kwashi 'ya'yanta ta koma wajen yayarta.

Mijin akawu ne a wani kamfanin sufuri, ita ce ta laƙaba masa Injiniya, saboda bai taɓa ganin abin da ya lalace ya wuce shi ba. Matattun rediyoyi, fanka mai fiffike biyu, batirin mota, duk "zan gyara" ne. Sakatar tagar kicin ma ta shekara tana jiran layi ya zo kanta. Ita ma Malama tana da nata, keken ɗinkin da gizo-gizo ya yi wa zani da tukwanen da ba su taɓa ganin wuta ba, amma wa ya isa ya faɗa?

"Za a yi," in ji Injiniya. Ya san matarsa ba ta maimaita magana.

Hutu ya ƙare, kowa ya koma bakin aiki. Shi ofis, ita makaranta tare da yaran. Shi yakan leƙo gida lokacin hutun rana in ya ga dama, ita ma takan taso da wuri in ba ta da aji.

Wata Talata da yamma Malama ta buɗe ƙofa ta tsaya turus. Akwai hanya daga ƙofa har kicin. An jera takalma a jikin bango, an naɗe wayoyi, batirin mota kuma babu shi babu dalilinsa. Ashe mutumin nan yana jin magana. Ta so ta yaba, sai ta tuna halinsa: ka yabe shi yau, gobe ya kwanta. Ta dai ƙara masa nama a kwano kawai.

Injiniya ya shigo, ya ga wurin batirinsa wayam. Wato ta fara da kanta kenan. Ya buɗe baki, ya tuna gidan yayarta, ya rufe. Ya ci namansa yana murmushin dole.

Bayan kwanaki rediyoyi suka bi batiri, littattafan da ke zube a ƙasa suka hau kanta. Sannan keken ɗinki ya ɓace. Ran Malama ya sosu ƙwarai, amma ita ta kafa doka, da wane baki za ta yi ƙorafi? Shi kuwa da ya ga babu keke, sai tausayi ya kama shi. Baiwar Allah, har nata ta sadaukar. A ranar ya wanke kwanuka ba tare da an sa shi ba, yara suka taru suna kallonsa kamar talabijin.

Gida ya canza. Auta ya gano cewa falonsu yana da darduma, kuma shuɗiya ce. Aka daina neman safa da safe, aka daina faɗa a kan almakashi, don yanzu yana rataye a ƙusa. Mata da miji suka koma hira a kan doguwar kujera, wadda suka manta tana da laushi. Ko da sabon dutsen guga ya ɓace, da injin markaɗe mai aiki garau, kowa cewa ya yi a ransa ɗan'uwansa ya ɗan wuce gona da iri, amma zaman lafiya ya fi injin markaɗe.

Ranar ƙarshen wata suka haɗu a bakin titi, suka tako gida tare. Malama ta ga ba za ta iya ci gaba da riƙewa ba.

"Baban yara, na janye maganar tafiya. Ka yi ƙoƙari, Allah ya saka."

"Ni? Ai ke ce da godiya. Har kekenki kika bayar."

"Ba kai ka fitar da shi ba?"

Suka tsaya suna kallon juna, babu mai ƙiftawa.

Da suka karyo kwana sai ga maƙwabta cike a ƙofar gidansu. Mai wanki na gefe ya riƙe wani siririn mutum a wuyan riga, ga talabijin ɗinsu a ƙasa, an naɗe shi tsaf cikin zanen gado an ɗaure bakin. Mai wankin ya ce a tagar kicin ya kama shi yana fitowa. Mutumin ya dubi Injiniya, ya dubi Malama, ya sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Ku yi haƙuri, ranka ya daɗe. Wallahi ranar farko batiri kawai na zo ɗauka. To gidan naku ne mutum ba ya samun inda zai sa ƙafa, balle ya gane abu mai amfani. Dole sai na gyara nake iya aiki."