Godiyar Jiya

Ƙarfe goma motar za ta zo. Kawu Lasisi ya riga ya gama magana da mai ita, saura Tawa ta ce to, a ɗauki mahaifiyarta a kai ta asibitin masu taɓin hankali.

Kwana biyu ke nan da saukar Tawa a Ejigbo daga Abijan. Ba ta samu jana'izar ƙanenta Jelili ba. Mota ce ta buge shi wata bakwai da suka wuce, ranar aka binne shi. A waya ta ji cewa mahaifiyar tasu, Iya Tawa, ta yi wata uku a kwance, ba ci ba magana. Sai rana ɗaya ta tashi, ta koma naɗa agidinta na masara a ganye tana sayarwa, ta kuma ɗauko wani hali da dangi suka kasa gane kansa.

"Bi ta ki gani da idonki," in ji kawu. "Ni dai na gaji da nunin da ake yi mini da baki a masallaci."

Gari na wayewa ta bi ta.

Godiyar jiya kowa na yi a garin. An yi maka alheri yau, gobe ka koma ka ƙara godewa. Amma ta Iya Tawa daban ce. Wajen mai niƙa ta fara tsayawa.

"Iya Bose, na gode da jiya."

"Haba Iya Tawa, niƙan masara? Injin za ki gode wa, shi ya sha wuya!"

Matan da ke layi suka yi dariya. Wata ba ta yi ba, ta dai bi tsohuwar da kallon tausayi. Tawa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Mami, mu koma gida."

"Mutum uku nake yi kullum kafin in sa wani abu a baki. In ban yi ba, abincin ba ya wuce mini wuya."

Ta biyu wata makauniya ce da ta gaishe ta jiya a bakin rijiya. Gaisuwa kawai. Tawa ta duba waya, tara saura kwata.

Daga nan suka miƙe babban titi. Masu faci biyu ne a wurin. Na farko 'yan acaba sun cika masa rumfa. Na biyu yana zaune shi kaɗai, ba ko taya ɗaya a gabansa. Bayan rumfarsa wata tsohuwar bas ce a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Hannunsa na hagu duk tabon ƙuna.

Iya Tawa ta zube gwiwa biyu a ƙasa, a gaban mutumin da a haife ta haife shi.

"Sarafa, na gode da jiya."

Ya faɗi rub da ciki, goshinsa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

"Mama, ki daina. Don girman Allah ki daina."

'Yan acaba suka juyo. Ɗaya ya tofar da yawu.

Tawa ta ja hannun uwarta gefe. "Me ya yi miki jiya, Mami? Jiya ko ƙofa ba ki leƙa da rana ba."

"A wajena ranar ba ta wuce ba, Tawa. Titin nan cike yake da mutane, kowa na ihu, ba wanda ya taɓa Jelili. Shi ne ya zauna a ƙasa, ya ɗora kan ɗana a cinyarsa, yana faɗa masa kalmar shahada har ya cika. Wata uku ina kwance ina ta juya abin da aka raba ni da shi. Sai na tuna ɗana bai tafi shi kaɗai ba, da hannun mutum a goshinsa. Ranar na iya shan koko."

Tawa ba ta san lokacin da gwiwoyinta suka kai ƙasa ba. Ta yi wa Sarafa godiya har sau uku, ta sa wa 'ya'yansa albarka. Bai ɗago ba.

Nan take ta kira kawu. "A sallami mai mota. Lafiyarta ƙalau, ta ma fi mu hankali."

"Kin ga wanda take durƙusa wa?"

"Na gani. Ni ma na durƙusa masa."

Sai kawu ya kashe wayar.

A hanyar gida abin ya yi ta cin Tawa a rai. "Mami, mutumin kirki irin wannan, me ya sa ba mai kai masa aiki?"

Iya Tawa ta gyara ɗaurin zaninta. "Ranar kowa cewa yake ya gudu, an kawo fetur. Ana zuba masa, bai saki Jelili ba."

"Fetur kuma? Laifin me ya yi?"

"Au, ba su faɗa miki ba? Ai shi ya buge shi."