Filtar da Aka Ɗaure da Gam

Sallau, ka ce in je in ba ƙanenka baki ya dawo gida, bayan da bakinka ka ce kada ya sake taka maka ƙofa. To, gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mutum da ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinsa, irin ta da, wadda kayan gyaranta suka daɗe da ɓacewa a kasuwa. Son da yake mata ya kai kullum sai ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya karya kumallo. Ranar da ya yi mata juyen mai da kansa, ya zo ɗaura filta, gwangwanin nan da ke tace baƙin mai, sai tsoro ya kama shi kada ta riƙa ɗiga. Abin da ake shafa wa ɗan mai a murɗa da hannu kawai, shi sai ya shafe robar bakinta da gam, ya sa sifana ya danna iya ƙarfinsa. Ya tafi yana jin daɗi, wai ya yi aikin ƙwarai.

Da lokacin wani juyen ya yi, filta ta ce ba inda za ta. Ya kai wa bakanike. Bakanike ya naɗa mata sarƙa ya ja, gwangwani ya lotsa, amma ko motsi. Ya goge gumi ya ce, “Maigida, me aka sa wa abin nan? In na ƙara ƙarfi mazauninta zai karye a jikin inji, kuma ka fi ni sanin ba a sayar da shi ko'ina.” Kunya ta hana mutumin ambaton gam. Ya ce shi ma bai sani ba, ya ja motarsa ya koma gida ransa a ɓace, yana ganin motar mahaifinsa ta kusa zama ɗakin kaji.

Washegari ya zauna a gabanta ya yi wa kansa gaskiya. Duk garin ba wanda ya san abin da ke riƙe da filtar nan sai shi, kuma ya san gam ba ya jin ƙarfi, ɗumi yake ji. Ya tayar da inji ya bar shi ya ɗau zafi, sannan ya kashe. Ya goge gwangwanin tas, ya kwance bel ɗin wandonsa ya naɗa mata, ya riƙa ja a hankali, ya ja ya huta, ya ja ya huta. Zafi ya toye masa bayan hannu bai saki ba. Can sai ya ji ta yi ɗan ƙara, ta juya. Ya zauna a ƙasa yana ta dariya shi kaɗai, hannu ɗaya riƙe da wando.

Sabuwar filta kuwa, da yatsa ya shafa mata mai, ya murɗa ta da hannu, ya tsaya inda ta tsaya. Don hankalinsa ya kwanta ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da gari ya waye ya ɗauko kwalin, ko ɗigo babu.

Ni zan iya zuwa wurin ƙanenka, Sallau, amma sarƙa kawai zan ja, don ban san kalmar da ka shafa masa ba. Kai ka sani. Sa takalminka ka je da kanka, ka fara da sallama mai ɗumi. Hausawa suka ce, kowa ya ɗaure kura, shi ya san yadda zai kwance ta.