Kan Wa Kika Auna?

Hular da Rahama 'yar Gude ta ɗinka tana cikin ayyukan da alƙalai suka zaɓa a baje kolin fasahar matan Gwarzo da Kabo. An ɗora ta a kan kifaffiyar ƙwarya a tsakiyar zaure, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya.

Badamasi, wanda aka sa ranar aurensu da Rahama bayan girbi, ya shigo yana washe baki, amininsa Jibirin na biye da shi.

"Ashe abin da kike ta ɓoye min ke nan! Hular ango!"

"Yaya Badamasi, ba a taɓa kayan baje koli," Rahama ta ce da sauri.

Ina! Tuni ya cire tasa ya kafa ta. Hular ta zurma har ta rufe masa kunnuwa. Mata suka kwashe da dariya, shi kam bai yi ba. Ya cire ta a hankali yana jujjuya ta. Kowa ya san Rahama ba ta kuskuren awo.

"Rahama, kan wa kika auna?"

Ta so ta kalli ƙasa, amma idonta ya ci amanarta, ya sauka kan Jibirin da ke tsaye kamar an dasa shi. Badamasi ya bi kallon, sannan ya miƙa masa hular.

"Gwada mu gani, abokina."

Jibirin ya kasa ɗaga hannu. Rahama ta ɗago kai.

"Ba sai ya gwada ba."