Maganin Birai

"Iya, don girman Allah ki kashe abin nan!" na ce wa maƙwabciyata, tsohuwa Tomie.

Tun safe lasifikar gonarta ke aman waƙa. Wani ƙato ne ya maƙale murya yana rera waƙar opera ta Turawa kamar akuya a hannun mahauci, ga gangar inji tana ƙif-ƙif irin ta gidajen rawar Tokyo na da.

"In kashe, birai su cinye min kabewa? Kai dai, Shibata! Mun buga gwangwani har mun gaji, a banza. Wannan kaset kuwa, ko tsuntsu ba ya sauka." Ta nuna min hoton mawaƙin a kwalin kaset ɗin, fuska damɓare da farar hoda. "Dubi mummuna! Uwarsa ta ga ta kanta. Duk ƙauyen nan neman kaset ɗinsa ake, an rasa."

Na yi tsaki na koma gida, na buɗe ɗakin ajiya. Irin kaset ɗin nan har ɗari huɗu ne jibge, shekara ashirin suna jiran masu sauraro.

Gobe zan kai mata, in ce tsinta na yi. Albarkacin hoda, ba mai gane ni.