Rosemary ta Fadan Kagoma

Hephzibah ta dira daga acaɓa, zuciyarta na tafasa. Tun da saurayinta Yafet, ɗalibin lissafi, ya fara shirin binciken ƙwaƙwalwa da kwamfuta, ba shi da zance sai Rosemary. Kullum yana gidanta.

Ta banka ƙofar gidan Rosemary, ba ko gafara.

Ga Yafet, kwamfuta a cinya, yana naɗar muryar wata tsohuwa tukuf mai tsaga citta.

"Mama Rosemary ce," ya raɗa mata. "Ciwon mantuwa gare ta, shi nake bincike a kai. Gani take ni ne marigayi mijinta."

Kunya ta rufe Hephzibah, ta durƙusa za ta gaishe ta.

Tsohuwar ta damƙe hannun Yafet, ta galla mata harara.

"Maigida, wace ce wannan take kallonka haka? Ta fice mini daga gida!"