Robar da Ta Lotsa

Wani ɗan fashi ya harba bindiga, ya gudu, amma ita tana nan tsaye da ranta bayan tagar shagon maganinta.

Ranar da mijinta zai yi wa tagar garkuwa, robobi biyu masu kauri kamar gilashi ya gwada da guduma. Mai sheƙin ta tarwatse. Ɗayar lotsawa kawai ta yi.

"Haba maigida, wannan mummunar za ka sa mini?"

"Mai taurin kai fashewa take," in ji shi. "Wannan ta iya haƙuri."

Kullum sai ta yi mitar robar.

Yanzu ta taɓa wani kumburi mai ɗumi a jikin robar, daidai saitin goshinta.

"Ikon Allah!"

Harsashin na kwance a ciki, ya kasa ƙarasowa.