Motar da Ba a Kai Gida Ba

Ka tambaye ni abin da mutane za su ce idan suka gan ka cikin motar da ranka yake so, alhali ƙuruciya ba ta sake ka ba. Ba zan ba ka amsa kai tsaye ba. Gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani saurayi mai sana'ar zanen gine-gine, wanda Allah ya buɗa wa tun bai ajiye iyali ba. Bai yi gaggawa ba. Sai da ya sake wa gidansu rufi, ya tsaya wa ƙannensa a makaranta, sannan ya sayi abin da ya daɗe yana kwana da shi a rai: mota ja wur, mai kujera biyu kacal, cikinta ya kusa shafar ƙasa, in ta yi gurnani sai tagogin gidaje su amsa. Al'adar da ya tashi a cikinta sananniya ce. Wanda ya yi sabuwar mota, gida yake fara nufa da ita, uba ya fito ya dafa ta da hannunsa, ya ce Allah ya tsare sharrin ƙarfe, Allah ya sa a kashe lafiya. Mahaifin saurayin kuwa tsohon direba ne da ya ƙarar da ƙarfinsa yana tuƙa motocin waɗansu, kuma duk garin babu wanda zai kai shi murna.

Saurayin ya kamo hanya har bakin layinsu. Daga nan ya hango dakalin ƙofar masallaci, inda dattawan unguwa suke majalisa bayan la'asar, sai ya ji maganarsu a kunnensa tun ba su buɗe baki ba: yaro ƙarami, ina ya samu, kuma motar da ko mara lafiya ba za ta kai asibiti ba. Ya juya kan motar. Ya kai ta gidan wani abokinsa a can bayan gari, ya lulluɓe ta da tampol, ya koma gida a a-daidaita-sahu. Ya ce wa kansa sai ya yi aure tukuna. Da aka jima ya ce sai wansa ya sami aiki, kada a ce ƙane ya tsallake wa. Ranar da ba ya aiki yakan je ya yaye tampol, ya toshe fuska da baƙin tabarau, ya bi hanyoyin da ba a san shi ba, yana tuƙa guminsa kamar kayan sata.

Wata rana wani ya gan shi a gidan mai, ya ɗauki hotonsa da waya. Hoton ya yi yawo har ya iso dakalin. Ɗaya daga cikin dattawan ya dubi tsohon direban ya ce, "Malam, ashe ɗanka ya yi mota irin ta 'yan ƙwallo, shi ne ka hana mu ko goron murna?" Tsohon ya yi dariya ya ce, "Ɗana ko takalmi ya saya sai ya kawo na gani. Wallahi ba shi da mota." Ya rantse a gaban sa'o'insa, mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Sai aka miƙa masa wayar. Ya daɗe yana duban hoton, ya mayar wa mai ita, ya zura takalmansa ya shiga gida. Daga ranar bai sake zama a dakalin ba. A sahun baya yake salla, ana sallamewa ya fita.

Da saurayin ya kawo motar tun ranar farko, da an yi ta cece-kuce na ɗan lokaci, wani sabon labari ya zo ya ture nasa. Yanzu kuwa shi da kansa ya ba mutanen dakali hujja. Suka ce halal ba a lulluɓe ta, kuma wanda ya ɓoye wa ubansa abu, ya san inda ya samo shi.

Da labari ya kai wa saurayin, ya kawo motar ƙofar gida da rana tsaka, ya durƙusa a zaure da makulli a tafin hannunsa. Tsohon bai leƙa waje ba. Ya ce, "Na tuƙa motocin mutane tsawon rayuwata ban ji kunya a cikin ko ɗaya ba, sai a wannan da ban ma shiga ba. Tashi ka kai wa waɗanda ka ji tsoro, su sa maka albarka." Saurayin ya sayar da ita a wulaƙance, yana zaton hakan zai wanke shi. Mutanen dakali suka ce dama kuɗin iska ne, ga shi iska ta kwashe abinta. Har yau uban yana amsa gaisuwarsa, domin haƙƙi ne, amma bai sake tambayarsa komai game da rayuwarsa ba.

Ni ban ce ka saya ba, ban kuma ce ka fasa ba. Ka dai san bakin da ya cancanci ka ji tsoronsa, domin Hausawa sun riga sun faɗa: garin neman gira, a rasa ido.